Yadda ake kare fatar kai daga ranar bazara

Daga Maris zuwa Mayu zafi a Garwa da Marwa, a arewacin Kamaru, yakan haura digiri 40, kuma lokacin ne mata suka fi zuwa wurina kitso da kukan gaban goshi ya zube, kai na ƙaiƙayi. Rana ita kaɗai ba ta kawo sanƙo, shi yawanci gado ne. Ɓarnarta ita ce hasken UV, wato ɓangaren haskenta da ido ba ya gani, yana ƙona fatar da ke fili, yana kuma cinye ƙarfin gashi har ya bushe, ya yi ja-ja, ya riƙa karyewa a mataji.

Fara da lokacin kitson. Ki zo bayan la'asar, kada ki tashi daga gaban mai kitso da hantsi ki wuce kasuwa. Daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma hasken ya fi ƙarfi.

Sai tsaga, kuma nan ne kusan kowa ke faɗuwa. Sabon kitso yana buɗe layukan fatar da ta yi makonni a ɓoye ƙarƙashin gashi, ga ta a ɗame. Sai yarinya ta lakato man kaɗanya ko man shanu ta cika tsagar har tana ƙyalli, ta yafa siririn gyale ta fita, wai ta kare kanta. Mai ba inuwa ba ne, 'yar'uwa. Yana hana bushewa, amma ba ya tare rana yadda ake zato, ga shi yana kama ƙura da gumi. Bayan kwana biyu tsagar ta yi zafi in an taɓa, sannan ta fara ɓarewa fari-fari. Ta ce amosani ne, ta sa tsinke tana sosa, ƙuraje su fito a gindin gashin da aka riga aka ja. Daga nan zubar take farawa.

Don haka ki shafa mai da dare, ɗan kaɗan a kan yatsa. Da rana kallabin auduga mai kauri: ki ɗaga shi ki dubi rana ta cikinsa, in haske yana ratsowa, ki ninka biyu. Ni ban yarda da na leda ba sam, gumi yake tarawa. Mai hali ta sayi man kariya daga rana mai lambar SPF 30 (ma'aunin ƙarfin kariyarsa) a famasi ta ɗiga a tsagar. Da tsada, shi ya sa nake cewa malafar kaba ta 'yan sefa kaɗan ta wadatar. Amma zabiya kam dole ta haɗa duka biyun, saboda haɗarin kansar fata.

Ki ce wa mai kitso ta sassauta hannu a goshi, ta kuma sauya wurin tsaga kowane zuwa. Shebe, garin gyaran gashi na Chadi, a jikin gashi ake sa shi, kada ya taɓa fatar. Wanke kai sau ɗaya a mako da ruwa mai sanyi. Maza masu ƙwal-kwabo, musamman masu haya da babur, su sa hula tun daga wurin wanzami.

Zubar sili 50 zuwa 100 a rana ba komai ba ne. In ya zube sosai wata biyu ko uku bayan haihuwa ko zazzaɓi mai tsanani, yawanci yana dawowa. Makero kuwa, ko miki da ya ƙi warkewa, sai asibiti.