Yadda zaka dawo da itatuwa gonarka ba tare da ka sayi dashe ko ɗaya ba

Duk damina ana rabon dashe a jihohinmu, a dasa darbejiya da turare a bakin hanya da makarantu, amma kafin rani ya raba tsakiya mafi yawansu sun bushe ko awaki sun cinye, kuma abin yana min ciwo wallahi saboda kuɗi ne da wahalar mutane ke tafiya a banza. Alhali maƙwabtanmu na Maraɗi da Damagaram sun daɗe da gano hanyar da ta fi wannan sauƙi, suna ce mata sassaben zamani. Wajen 1983 wani Bature ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo da ke aiki a Maraɗi ya lura cewa ƙananan kalgo da sabarar nan da muke sarewa duk shekara lokacin sharar gona ba ciyayi bane, tsofaffin itatuwa ne da aka sare amma saiwarsu na nan da rai a ƙasa. Manoma suka karɓi abin, yau ana maganar kadada kusan miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 a kudancin Nijar.

To ga yadda ake yi. Lokacin sharar gona, kafin ruwan farko, kada ka fara da sara, fara da zagaya gonar kana duba kututturan da suka yi tofo. Zaɓi waɗanda kake so gwargwadon buƙatar gidanka: kalgo da sabara don itacen girki, aduwa da magarya don 'ya'ya, gawo kuwa in Allah ya baka ko ƙarami ne kada ka taɓa shi, domin shi da damina yake zubar da ganye, baya yiwa gero inuwa, sai da rani ya yi kore dabbobi su kwanta ƙarƙashinsa su ci 'ya'yansa su bar maka taki, shi yasa zakaga hatsin gindin gawo ya fi na sauran gona tsayi da kauri.

A kowane kututture zaka tarar da tofo da yawa sun cunkushe suna rabon abinci ɗaya. Bar uku zuwa biyar mafi ƙarfi da miƙewa, sauran ka cire su. Waɗanda ka bari sai ka rage musu rassan ƙasa har zuwa rabin tsayinsu, kar ka wuce rabi, in ka aske shi tas sai kai kaɗai ya rage iska zata karya shi ko akuya ta lanƙwasa shi. Nan ne mutane da yawa ke ɓata aikin, sai kuma wajen sara: adda ko lauje ya zama mai kaifi sosai, kuma ka yanka daga ƙasa zuwa sama, in ka sara daga sama reshen zai tsage ya ɓare ɓawon jikin icen ya bar rauni inda gara da cuta zasu shiga. Ƙayar da ka sare ka jera ta kewaye da gindin, ka ɗaura ɗan jan ƙyalle a jiki don mai wucewa ya san wannan da mai shi. Bayan 'yan watanni ka dawo ka cire sabon tofon da ya fito, shekara ta zagayo ka sare ɗaya cikin waɗanda ka bari ka kai gida, ɗaya mafi kyau kuma ka barshi ya zama bishiya. Kuma dan Allah a daina cinna wuta a kan kututture.

Amma fa duk wannan ba zai tsaya ba in baka warware maganar waye mai icen ba, kuma a ganina nan ne asalin matsalar take. A Nijar da can doka ta maida itatuwa na gwamnati, manomi zai iya shan tara a hannun ma'aikatan gandun daji akan icen da ke cikin gonarsa, to wa zai raini abin da zai jawo masa tara? Gara ya tumɓuke shi tun yana ƙarami. Da aka sassauta, aka yi dokar gandun daji ta 2004, sannan a 2020 gwamnati ta fitar da dokar da ta amince cewa wanda ya raini ice a gonarsa yana da haƙƙin amfana da shi, sai mutane suka ƙara sakin jiki. A Najeriya akwai manufar gandun daji ta ƙasa ta 2006 da aka sabunta a 2020, sai dai daji a hannun jihohi yake, dokar Jigawa daban ta Katsina daban, saboda haka ka taka da ƙafarka zuwa sashen gandun daji na ƙaramar hukumarku ka tambaya wane ice ne aka hana sarewa, wane ne sai da izini ko a gonarka ne, in da hali a baka a rubuce.

Bayan nan sai mai unguwa ko dagaci. Mutum ɗaya baya iya tsare itatuwansa da rani lokacin da aka saki dabbobi kuma masu neman itace da gawayi ke yawo da dare. A garin Ɗan Saga na yankin Agye a Nijar kwamiti suka kafa, da maza da mata da makiyaya a ciki, suka sa dokar gari da tara ga wanda ya sari icen wani. Ku ma ku zauna haka, kuma kar a bar Fulani a waje, a yarda dasu akan reshen da za a iya sassaƙa wa shanu da wanda ba za a taɓa ba, a bar musu burtali a buɗe, in ba haka ba rigima zata cinye aikin.

In kana cikin jihohi 11 da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa ya shafa, irin su Sakkwato, Zamfara, Kano, Yobe da Barno, ku yi rajistar ƙungiya ku nemi jami'an hukumar shirin da aka kafa a 2015. Shirin na Tarayyar Afirka ne tun 2007, daga Senegal har Jibuti, kuma su kansu yanzu sun koma ga raya abin da ke ƙasa maimakon dogaro da dashe kawai, don haka ku roƙi horo da kayan sassabe, dashe kuwa ku karɓa don wurin da babu kututture ko ɗaya, ku dasa da farkon damina a ramin da zai tare ruwa irin ramin da ake kira "zaï" wanda manomi Yakuba Sawadogo ya farfaɗo da shi a Burkina Faso.