Kurakuran da ke kashe mota da wuri a Kaduna, da yadda za a gyara su

Duk wanda ya zauna a majalisar direbobi a tashar Kawo ko Mando ya san musun da ba ya ƙarewa: wace mota ce ta fi ƙarko? Masu Toyota su ce Corolla ba ta mutuwa, dattawa su ce ba a sake yin mota kamar Peugeot 504 ba, wadda kamfanin PAN ya riƙa haɗawa nan Kakuri. Kowa da gaskiyarsa. Sai dai in ka leƙa garejin makanikai za ka tarar da Corolla da Camry da Golf jere, an sauke musu inji, kuma abin da ya kai su can kusan iri ɗaya ne. Sunan mota yana taimakawa, amma riƙon da aka yi mata ne ke yanke hukunci.

Kuskure na farko tun wurin saye ake yinsa. Mutum ya ga 'yar Kwatano tana sheƙi, dillali ya nuna masa lambar tafiya, ya ce ai dubu 90 kacal ta yi. Motar da ta fito daga Amurka da mil take ƙirga tafiya, kuma mil ɗaya kilomita 1.6 ne, don haka dubu 90 ɗin nan ya haura kilomita dubu 140. Wannan ma in ba a juya lambar baya ba. Kowace mota tana da lambar shaida mai haruffa da lambobi 17 a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba. Da ita ake bincika tarihin motocin Amurka a intanet, a ga ko ta taɓa haɗari ko ambaliya ta taɓa cinye ta. Ka tafi da makanikenka, ba na dillali ba. A ɗaga kafet a duba laka da tsatsa, a sa mata kwamfuta. Ka murɗa makulli ba tare da ka tayar ba, ka tabbata fitilar gargaɗin inji ta kama, don akwai masu cire ƙwan gaba ɗaya.

Wanda ya fi kowanne ɓarna, a ganina, shi ne cire tamostat da haɗa fanka kai tsaye. Da mota ta iso sai makanike ya ce: "Alhaji, wannan abin na ƙasar sanyi ne, nan ba ma buƙatarsa." Maganar tana da daɗin ji ga wanda ya san zafin Maris da Afrilu, amma ba haka abin yake ba. An ƙera injin ne ya yi aiki a zafin da ya kai kusan digiri 90, kuma tamostat ne ke tsare ruwa har inji ya kai wannan matsayi, sannan ya buɗe. In aka cire shi, inji zai daɗe da sanyi, kwamfutar motar ta ɗauka har yanzu safiya ce, ta yi ta zuba fetur fiye da kima. Fetur ɗin ya wanke baƙin man da ke jikin silinda, ƙarfe ya riƙa cin ƙarfe. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, wannan asarar kaɗai ta isa mutum ya sake tunani. Ita kuma fankar da ke juyawa ba hutu, ranar da ta gaji sai ta ƙone, galibi kana cikin cunkoso a titin Ahmadu Bello.

Idan mota tana zafi, akwai dalili. Ko lagireto ya toshe, ko murfinsa ya daina riƙe iska, ko famfon ruwa ya gaji, ko akwai yoyo, ko shi tamostat ɗin ne ya maƙale, sai a sa sabo. A nemo dalilin a gyara, a mayar da fanka kan tsarinta. Sannan a daina ɗura wa lagireto ruwan rijiya ko na burtsatse. Yana barin ƙasa-ƙasa da tsatsa a ciki, yana cin alminiyon da aka yi injinan yanzu da shi. Ruwan lagireto mai launi da ake sayarwa a galan ba ado ba ne, yana hana tsatsa kuma ba ya saurin tafasa. Masu Camry ta 2002 zuwa 2006 mai silinda huɗu su fi kowa kiyayewa, domin injinta ba ya yafe zafi: tafasa ɗaya mai tsanani kan sa zaren kusoshin kan inji su saki, daga nan sai gaskit, wato shimfiɗar da ke tsakanin inji da kansa, ya lalace. Da ka ga allurar zafi ta haura, ka tsaya ka kashe. Kada ka ce bari in ƙarasa Rigachikun.

Sai baƙin mai. Mun gaji al'adar zuba mai kauri, wato 20W-50, daga zamanin 504, kuma ya dace da ita. Injinan baya-bayan nan hanyoyin mai a cikinsu sirara ne. Corolla ta 2003 zuwa 2008 da Pontiac Vibe, wadda injin Toyota ne a cikinta, 5W-30 aka rubuta musu. Honda Accord ta 2003 zuwa 2007 'yar Amurka 5W-20 take so. Ba sai ka tambayi kowa ba, galibi yana rubuce a murfin da ake zuba man. Mai kauri yana jinkirin isa saman inji da safe, kuma a waɗannan daƙiƙun ne inji ya fi cinyewa. Jabu kuma ya yi yawa a kasuwa, har galan mai hatimi ake kwaikwaya, don haka a saya wurin dila da aka sani, a tsaya a zuba a gaban ido. Da ƙurarmu da cunkosonmu, sabis bayan kowane kilomita 5,000 tare da sabuwar filta shi ne kwanciyar hankali. Mai Camry ta 2007 zuwa 2009 kada ya jira ranar sabis, wannan injin an san shi da shan mai. Ya riƙa zaro sandar awo kowane mako, in ba haka ba wata rana sai ya ji inji ya buga.

Man giya ma haka. Ba kowane jan mai ne na kowace giya ba. Honda tana da nata, Toyota tana da iri biyu da aka fi gani, T-IV da WS, kuma ba a musanya su. Giyar da ta fara fizga bayan an "ƙara mata mai" a bakin hanya, yawanci nan matsalar ta samo asali.

Filtar iska kuwa hunturu ne ke gwada ta. Daga Disamba zuwa Fabrairu takan toshe da wuri, musamman ga mai shiga unguwannin da ba kwalta. Hura ta da iska mai ƙarfi yana yaga takardar, ƙura ta wuce ciki tana gurzar silinda kamar yashi a tukunya. Ba ta da tsada, a canza kawai.

Akwai abin da ba ya gargaɗi: bel ɗin taimin, wanda ke daidaita motsin fistin da bawul. Peugeot 406 da Accord mai silinda shida bel ne a cikinsu, ba sarƙa ba, kuma in ya tsinke ana tafiya fistin kan daki bawul, gyaran ya koma na sauke kan inji. Wanda ya sayi irin wannan mota bai san ranar da aka canza ba, ya canza nan take, sannan ya maimaita kafin kilomita dubu 100. Masu Honda kuma sun san labarin ƙafar gaba da ke ficewa a tsakiyar titi. Ba aljanu ba ne, boljoyin na ƙasa ne, wato gaɓar da ke riƙe ƙafar. Robarsa ke yagewa, giris ya fita, ƙura ta shiga, ramuka su ƙarasa shi. Yakan yi ƙara ko sitiyari ya yi nauyi kafin ya saki. A duba shi duk sabis, kuma nan ba wurin neman araha ba ne. In ka je Panteka ko wani shagon safaya aka ajiye maka iri uku, kada ka ɗauki na ƙarshe a farashi.

Yawo da fitilar ƙarewar fetur a kunne ya zama ruwan dare, ba kuma laifin kowa ba ne da tsadar nan. Amma famfon mai a cikin tanki yake zaune, fetur ne ke sanyaya shi. Kuɗin da za ka sha a mako ɗaya ne ko da yaya ka zuba, to gara ka riƙe tanki a kwata ka riƙa ƙarawa a kai.

Taya tana da ranar haihuwa. A gefenta akwai lambobi huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tayar Beljiyam tana iya zuwa da zane mai kyau alhali robar ta bushe, kuma kwaltar hanyar Abuja da tsakar rana ba ta raga wa irinta. Mai faci in ka ƙyale shi zai buga maka iska 45 ko 50, wai don ta daɗe. Adadin da ya dace yana manne a jikin ƙofar direba, yawanci tsakanin 30 da 35 ga ƙananan motoci, kuma da safe ake aunawa kafin taya ta ɗau zafi.

Idan damina ta kankama a watan Agusta, ruwa ya kwanta a hanya, kada ka bi bayan tirela ka ce ai ta wuce. Bakin da injin ƙaramar mota ke shaƙar iska ba shi da tsayi, kuma ruwa kaɗan in ya shiga silinda yana lanƙwasa sandar fistin. In ta mutu a cikin ruwa, kada ka sake murɗa makulli ko sau ɗaya. A turo ta waje, a kira makanike ya cire filogi, ya fitar da ruwan, ya canza baƙin mai kafin a tayar.