Yadda ake neman gidan haya a Kaduna

Ɗan'uwa in ka shigo Kaduna neman ɗaki, kafin ka ƙirga kuɗin aljihunka fara duba sunanka tukuna. Wallahi ba wasa nake ba. Tun rikicin shari'a na 2000, aka zo aka ƙara da na Miss World a 2002, garin nan ya rabu biyu kuma kogi ne ya yi mana rabon, Musulmi suka kwashi ya-nasu-ya-nasu suka yo su Tudun Wada, Rigasa, Kawo, Kiristoci suka tsallaka gada suka cika Sabon Tasha, Narayi da Television. To in sunanka Abubakar kar ka ɓata kuɗin keke zuwa Sabon Tasha, in kuma Bitrus ne kai, me ka ajiye a Rigasa? Su Yakubu, Dauda da Musa ne 'yan gata, sunansu na cin kasuwa ko'ina, sai ka ga ejan ya rikice yana satar kallon goshinka ko zai ga tabon sallah.

Shi ejan ba shi da ƙabila, ka ba shi kuɗin fom da na zuwa gani kawai, ko gidan bai yi maka ba sun tafi kenan.

Wajen mai gida ne jarrabawar take. Zai tambaye ka ɗan ina ne kai, don Allah kar ka ce Kaduna. Ni na taɓa yin wannan wautar, wani dattijo yana zaune kan tabarma yana jan carbi, na ce Baba nan aka haife ni, ya ce ya ji, amma asali fa? Na ce har mahaifina nan ya yi aiki a masaƙa a Kakuri. Ya ce to kakanka fa? Duk a kan ciki da falo ne fa, mai banɗaki ɗaya na mutum goma sha. Ka tanadi sunan wani ƙauye tun daga gida, in kuma gwauro ne kai ka ce an kusa sa rana.

Amma akwai hanyar da ta fi duk wannan sauƙi, ka yi kuɗi. Unguwan Rimi GRA ko Barnawa GRA ba mai tambayar kakan kowa, Alhaji da Cif katanga ɗaya ta raba su, 'ya'yansu makaranta ɗaya, maigadi ma wani lokacin ɗaya. Dama can GRA unguwa ce da Turawa suka keɓe wa manyan ma'aikatan gwamnati. Lokacin da Gwamna Lugga ya dawo da hedikwatar Arewa nan daga Zungeru, dokar Turawa ta 1917 cewa ta yi a bar filin yadi 440 tsakanin gidajensu da na baƙar fata, wai kar sauron da ya cije mu ya kai musu zazzaɓi. Amma kuku da boyi suna kwana a bayan gida, su nasu sauron mai ladabi ne. Turawa sun tafi, namu suka shige, suka ƙara wa katangar tsawo da waya mai lantarki.

In kuɗin bai zo ba tukuna, nemi boyis kwata a can. Za ka samu wuta da ruwa, in an tambaye ka unguwarku ka ce GRA ka gyara wuyan riga. Sai dai ta ƙaramar ƙofa za ka riƙa shiga, kuma Hajiya ta ce kar a shanya kaya inda baƙi za su gani.