Darasi na 7: Lambun gida a lokacin bazara

Daga Maris zuwa Mayu, zafi a Garwa da Marwa, a arewacin Kamaru, yakan wuce digiri 40. A wannan lokaci ba kowace shuka ke jurewa ba. Tumatir yakan yi fure, furen ya kakkaɓe bai ƙulla ɗa ba, salak kuma ya yi tozo ya yi ɗaci. Ku bar su sai sanyi ya dawo. Abin da ke son zafi shi za ku shuka: kuɓewa, alayyafo, lalo da yakuwa.

A bazara fangali ake yi, ba kunya ba. Ku auna faɗin mita 1, tsawon mita 2, ku zurfafa cikinsa kamar tsawon yatsa, ku ɗaga gefensa don ya riƙe ruwa. Ku zuba ruɓaɓɓen takin awaki bokiti 2, ku cuɗa da ƙasa. Ɗanyen kashi yana ƙone saiwa.

Irin kuɓewa a jiƙa shi ya kwana. A sa ƙwaya 2 a rami, tsakanin rami da rami santimita 40. Cikin wata 2 za ta fara 'ya'ya. Daga nan ku riƙa tsinka bayan kwana 2 ko 3, don in suka ƙosa a jikinta, uwar takan rage haihuwa. Irin alayyafo kuwa ƙanana ne ƙwarai. Ku gauraya shi da yashi kafin ku yafa, in ba haka ba ya fito a cunkushe.

Wajen ban ruwa aka fi yin asara. Fangali ɗaya yana shan bokiti mai lita 10 da sassafe, wani kuma da la'asar sakaliya. Yayyafin sama-sama yaudara ne: fuskar ƙasa ta jiƙe, saiwa ta tsaya a sama, rana ta gasa ta. Ku tura yatsa cikin ƙasa. In kun ji sanyi har gaɓa ta biyu, ruwa ya kai. Sannan ku rufe gindin shuka da busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa, amma kada su taɓa karan, saboda gara. Ruwan wankin shinkafa ba laifi. Na omo dai a kai shi nesa.

In ganye ya nannaɗe, ku juya bayansa, za ku tarar da ƙananan ƙwari masu tsotsa. Ku daka 'ya'yan darbejiya gram 50, ku jiƙa a lita 1 na ruwa ya kwana, ku tace, ku fesa da yamma. A maimaita bayan mako ɗaya.

In kuma kuɓewa tana yaushi alhali ƙasa da laima, ku tuge ɗaya. Ƙulli-ƙulli a saiwa alamar tsutsar ƙasa ce wadda ido ba ya gani. Kada ku sake sa kuɓewa ko tumatir a wurin, ku sa masara.

Mai son ƙawa ya dasa lalle a jikin danga: yana jure fari, furensa na ƙamshi.

Aiki: ku auna fangalinku, ku rubuta ramukan kuɓewa nawa zai ɗauka.