Yadda Ake Zaɓen Man Giya da na Haidirolik Ga Tsohuwar Tarakta

Mai tarakta yakan kula da baƙin man inji, amma sau da yawa yakan manta da man da ke cikin giyabos da aksul na baya har sai ranar da garma ta ƙi ɗaguwa a tsakiyar gona. A yawancin tsofaffin taraktocin Massey Ferguson, irin su 35 da 135 da 165, mai guda ɗaya ne yake shafe haƙoran giya, yake sanyaya aksul, kuma shi ne famfon haidirolik yake zuƙa domin ɗaga garma ko haro. Tun da ma'ajiyarsu ɗaya ce, duk kuskuren da aka yi wajen zaɓen man zai taɓa sassan nan uku a lokaci guda.

Kafin ka je kasuwa, ka fara sanin ainihin samfurin taraktarka da lambar da ke jikin farantinta, sannan ka nemi lambar ƙa'idar mai da kamfanin ya rubuta a littafinta. Wannan lamba ita ce abin dogaro, domin sunan da ke jikin duro ko jarka ba ya nuna abin da aka haɗa a ciki. Massey Ferguson tana da lambobi irin su M1135 da M1143 da M1145, Ford da New Holland suna da M2C134-D, John Deere tana da J20C, Case IH kuma tana da MS-1207 da MS-1209. Man kirki yakan jera waɗannan lambobi a bayan jarkarsa. Idan ka ga an rubuta 303 kawai, ka bar shi, domin John Deere ta daina aiki da wannan ƙa'ida tun 1974, kuma a 2017 jihar Missouri ta Amurka ta hana sayar da man da ke ɗauke da wannan suna bayan gwaji ya nuna bai cika sharuɗɗan da ake buƙata ba.

Abu na biyu, wanda a ganina ya fi kowane muhimmanci, shi ne irin birkin da taraktar take da shi. Akwai busasshen birki, kamar na Massey Ferguson (MF) 135, wanda ba ya cikin mai. Akwai kuma birkin da faifansa suke nutse cikin man aksul, kamar na MF 375 da ake yawan gani a gonakinmu. Irin wannan birki yana buƙatar mai da aka sa wa sinadarin daidaita santsi, ta yadda faifan za su kama a hankali. Idan aka zuba masa man da ba shi da wannan sinadari, za ka ji birkin yana kuka yana karkarwa duk lokacin da aka taka, musamman wajen juyawa a ƙarshen kunya, kuma kafin a jima faifan sun cinye. Haka abin yake ga taraktar da ke da Multi-Power, wato tsarin canza gudu ba tare da direba ya taka kuloci ba, domin kulocin wannan tsari ma cikin mai yake aiki. Ga irin waɗannan, man da ake kira UTTO shi ne ya dace, wato man da aka haɗa musamman domin giya da haidirolik da birkin da ke cikin mai. Akwai ɗan'uwansa STOU wanda ake iya zuba wa inji ma, amma UTTO ba ya shiga inji ko kaɗan.

A nan ne mutane da yawa suke faɗawa tarko. Man haidirolik zalla, mai lamba 46 ko 68, wanda ake zuba wa tifa da katafila, ya fi arha kuma sunansa ya yi daidai da abin da ake nema, sai dai an yi shi ne domin famfo da silinda kaɗai. Ba shi da ƙarfin jure matsin da haƙoran giya suke yi wa juna lokacin da tarakta take jan garma a ƙasa mai tauri. Garma za ta ɗagu lafiya, mai tarakta ya ɗauka ya ci riba, alhali kuwa giyar tana lalacewa a ɓoye. A ɗaya gefen kuma, man giyar manyan motoci mai lamba GL-5 yana ɗauke da sinadarin farar wuta mai yawa, wanda idan ya yi zafi yana iya cin bushin na tagulla da ke cikin tsofaffin famfuna. Saboda haka taraktoci na da can, irin su Ferguson TE20 da aka ƙera daga 1946 zuwa 1956, an fi zuba musu man giya mai lamba GL-1 da kauri 90.

Zafin ƙasarmu yakan sa wasu makanikai su ba da shawarar mai mai kauri ƙwarai, har 140, wai domin ya rage yoyo. Gaskiya ne yoyon zai ragu, amma da sanyin safiyar hunturu famfo zai sha wuya kafin ya zuƙo shi, hannayen ɗaga garma su yi nauyi. Idan sil, wato robar da ke hana mai yoyo, ya mutu, sil za a canza.

Ranar canza mai, ka bar taraktar ta yi aiki har man ya ɗumama, ka tsayar da ita a wuri mai daidai, ka sauke hannayen ɗagawa har ƙasa domin man da ke cikin silinda ya koma. Ka kwance dukkan murafen da ke ƙasa, domin yawanci sun fi ɗaya, sannan ka dubi abin da ya fito da kyau. Idan man ya yi fari kamar nono, ruwa ne ya shiga, kuma galibi ta yagaggiyar robar da ke gindin sandar giya yake bi idan tarakta ta kwana cikin ruwan sama. Idan ka ga ƙyallin garin ƙarfe, giya ko famfo ya fara ci, sabon mai kaɗai ba zai magance shi ba. Ka wanke ragar tace mai ko ka sa sabuwar filta, sannan ka zuba sabon mai ta mazurari mai tsabta, domin ƙurar da ta shiga a wannan lokaci kai tsaye famfo za ta nufa. MF 135 tana cin kusan lita 30, saboda haka ka tanadi isasshe iri ɗaya, kada ka cika da wani daban. Wasu taraktocin, kamar Ford 3000, giyabos ɗinsu daban yake da aksul na baya, sai a duba kowanne da kansa.

Lokacin da ya fi dacewa da wannan aiki shi ne watan Afrilu ko farkon Mayu, kafin ruwan shuka ya sauka, tun tarakta ba ta shiga layin masu jiran haro ba. Ka rubuta kwanan wata da adadin awannin da ke kan mita da lambar man da ka zuba, ka ajiye takardar inda direba zai gan ta, domin ranar da mai ya ragu a ƙauye ya san irin wanda zai ƙara.