Kurakuran da ake yi wurin sabunta tsofaffin labaran wasan D&D zuwa bugu na biyar

Duk mai gudanar da wasan Dungeons & Dragons (wasan tebur da kowa ke taka rawar jarumi a cikin labari) da ya ɗauko tsohon labari irin Keep on the Borderlands (labarin wata ganuwa da kogunan dodannin da ke kusa da ita), wanda Gary Gygax ya rubuta a 1979, yana so ya buga shi da dokokin bugu na biyar, kusan wuri ɗaya yake faɗuwa. Sai ya buɗe littafin dodanni na 2014, ya nemo sunan kowane dodo, ya kwafe sabbin alƙalumansa, ya bar yawansu yadda yake a tsohon littafi, ya ce ya gama. Bai gama komai ba, kabarin 'yan wasansa ya haƙa.

A duba lissafin. A tsofaffin dokokin Basic na 1981, dodon da ake kira orc makin ransa (yawan raunin da zai iya ɗauka kafin ya faɗi) bai wuce 4 ko 5 ba a galibi, sara ɗaya ke kai shi ƙasa. A littafin bugu na biyar na 2014 yana da 15, gatarinsa kuma yana cire kusan 9 a kowane sara, alhali boka ɗan matakin farko da ƙyar yake da 8. Ƙaramin dodon nan kobold ma da ake rainawa ya samu sabon ƙarfi: in abokinsa na kusa da wanda yake kai wa hari, sau biyu yake jefa ɗan lido mai fuska 20, ya ɗauki mafi girma. A babban ɗakin kogonsu akwai manya kusan 40. Ga shi an rubuta labarin ne don mutum 6 zuwa 9, kai kuwa mutum huɗu ne a teburinka. Ina za su kai?

Wasu sai su rage dodannin har kogo ya zama fanko, nan ma ɓarna ce, domin cunkoson shi ne abin tsoron. Ni dai na fi son a bar yawan, a rage ƙarfin: ƙananan dodanni a ba su rabin makin ransu, shugabansu da masu tsaronsa kaɗai su riƙe cikakken ƙarfi. Sannan a dawo da dokoki biyu da bugu na biyar ya tura gefe. Ta farko, idan an yi kiciɓis da dodanni, a jefa ɗan lido biyu masu fuska 6: in ya fito 2 su afka nan take, 6 zuwa 8 su tsaya suna shakka, 9 zuwa sama a iya magana da su. Ta biyu ita ce ta ƙarfin zuciya. Da zarar na farkonsu ya faɗi, da kuma lokacin da rabinsu suka faɗi, a sake jefa biyun. In adadin ya haura makin ƙarfin zuciyarsu (kobold 6, goblin 7, orc 8) sai su gudu ko su miƙa wuya. Wanda ya cire waɗannan dokoki ya sa kowane dodo ya yi faɗa har mutuwa, kada ya zo yana cewa tsohon labari zalunci ne. Shi ya mayar da shi haka.

Kuskure na biyu, wanda ya fi ɓata mini rai, shi ne batun zinariya. A da, kowace zinariya ɗaya da ka fito da ita daga kogo maki ɗaya ne na ƙwarewa. Mayaƙi na buƙatar 2,000 kafin ya hau mataki na biyu, orc kuwa 10 kacal yake bayarwa. Ka ga ashe dukiyar ake nema, faɗa kuwa kasada ce da mai hankali ke kaucewa ta hanyar sanɗa, yaudara, ko haɗa wannan ƙabila da waccan faɗa. A bugu na biyar abin ya juye: 300 ake buƙata, orc ɗaya yana ba da 100, zinariya ba ta ba da ko ɗaya. Sai ka ga 'yan wasa suna bin kogo ɗaki-ɗaki suna kisa, su kwashe dubban zinariya da ba su da abin saya da ita, mai gudanarwa kuma yana mamakin me ya sa wasan ya rasa daɗi. Haba, ai kai ka canza musu abin da ake biya. Abin da nake yi shi ne in raba dukiyar tsohon littafi gida 5, in ba da maki ɗaya kan kowace zinariyar da ta iso ganuwa lafiya, makin kisa kuma in bar kashi ɗaya cikin huɗu. A faɗa musu wannan tun zaman farko, za a ga yadda suke fara tunani kafin su zare takobi.

Hutu ma yana kashe tsoro. A da kwana guda cur na hutawa bai dawo da fiye da maki 3 ba, yanzu barcin awa 8 yana goge duk rauni. Kada a bari a yi dogon hutu cikin kogo, sai an koma ganuwa. A riƙa duba dodanni masu yawo duk minti 20 na lokacin wasa, in ɗan lido mai fuska 6 ya nuna 1 sun iso. In an tafi an dawo, waɗanda suka tsira su kasance sun ƙara masu gadi sun ɗana sabon tarko.

Makin sulke a da ƙasa yake yi, ƙarami shi ne mai kyau, a bugu na biyar kuwa babba. Don samun sabon makin, a cire tsohon daga 19 in labarin na Basic ne, daga 20 in na ɗayan tsohon tsarin dokokin, wato AD&D ne. Kowane murabba'i a tsohuwar taswira ƙafa 10 ne, ba 5 ba. Kayan tsafi sun yi yawa a tsofaffin littattafai, a rage su, takobi mai ƙarin 3 ya koma mai ƙarin 1.

Saura tarko da guba masu kisa nan take. Kada a bar su haka ba gargaɗi, kada kuma a mayar da su ƙaiƙayi. A sa gubar ta cire maki mai yawa, a kuma ajiye alama: gawar ɓera kusa da akwati, ƙananan ramuka a jikin bango. Tomb of Horrors na 1978 an gina shi ne don gwada basirar mutumin da ke zaune a tebur, don haka wanda ya bayyana yadda yake dungurin ƙasa da sanda mai ƙafa 10 ya gano ramin ba tare da jefa komai ba. Mai son ganin yadda kamfanin da ke buga wasan ya sabunta shi da kansa, yana cikin Tales from the Yawning Portal na 2017, a ajiye shi gefen tsohon a kwatanta ɗaki da ɗaki.