Yadda Ake Gano Ƙwayoyin Gadon da Ke Tasiri a Kan Siffofi Masu Alaƙa da Juna

Duk mai binciken da ya taɓa auna tsayin karan dawa tare da yawan kwanakin da take ɗauka kafin ta yi fure, ya san cewa siffofin biyu tare suke tafiya, domin dawar da ta jinkirta fure takan ƙara gaɓoɓi har ta yi tsawo. Idan aka nazarci kowace siffa ita kaɗai, bayanin da ke cikin wannan alaƙa ya tafi a banza.

Matakin farko shi ne a auna dukkan siffofin a jikin layukan iri guda (layi shi ne zuriyar tsiro mai gado iri ɗaya), a gonaki fiye da ɗaya, sannan a raba alaƙar gida biyu: wadda gado ya haifar da wadda muhalli ya haifar. Ƙarancin ruwan sama kaɗai yana iya gajarta kara ya kuma rage hatsi, ba tare da ƙwayar gado ta sa hannu ba.

Daga nan sai a zaɓi hanyar lissafi. Idan zuriyar iyaye biyu ce aka haɗa, hanyar da Jiang da Zeng suka wallafa a 1995 ta dace, domin tana gwada dukkan siffofin lokaci guda a kowane gurbi na kuromosom, wato zaren da ƙwayoyin gado ke jere a kansa. Idan kuwa tarin iri ne daga wurare daban-daban, wajibi ne a shigar da jadawalin dangantakar jini cikin lissafin, kuma manhajar GEMMA ta Zhou da Stephens tana yin haka ga siffofi kaɗan. In siffofin sun yi yawa, akan dunƙule su zuwa manyan ginshiƙai biyu ko uku, wato ma'aunai kaɗan da ke taƙaita su duka, ko da yake a ganina fassara sakamakon ga mai inganta iri yakan yi wuya.

Wajen tsayar da iyakar da za a amince da sakamako, a bi hanyar Churchill da Doerge ta 1994, wato a cakuɗa bayanan siffofi tsakanin layukan sau 1,000 don a ga irin sakamakon da dace kaɗai zai iya bayarwa. Sai dai a kula: siffofin kowane layi a haɗe ake matsar da su, domin in aka raba su, alaƙar ta rushe kuma iyakar ta zama ta ƙarya.

Abin da ya fi wuya shi ne bambance ƙwaya ɗaya mai aiki biyu daga ƙwayoyi biyu maƙwabtan juna. A kuromosom na 6 na dawa, ƙwayar gado Ma1 mai kula da lokacin fure da ƙwayar gado Dw2 mai kula da tsayi suna kusa da juna, har suna iya bayyana tamkar gurbi ɗaya. Don haka a gina lissafi biyu, ɗaya mai gurbi guda, ɗaya mai gurbi biyu, a kwatanta wanda ya fi dacewa da bayanan. Idan gurbi biyu ne, mai inganta iri zai iya raba su ta hanyar shuka zuriya mai yawa har a samu tsiron da musayar gado ta auku a tsakaninsu.